Wasiƙar labarai ta kasuwanci

Wasiƙar labarai ta kasuwanci takarda ce da kamfani, shago ko ƙungiyar 'yan kasuwa ke aika wa abokan cinikinta a kai a kai, mako-mako ko wata-wata, domin sanar da su halin da kaya, farashi da kasuwa ke ciki. Tana fitowa a buge a takarda, ko ta imel, ko ta WhatsApp. Abin da ya raba ta da talla shi ne mai karatu ne ya amince a riƙa turo masa, kuma yana jiran ta a ranar da aka saba. Al'adar ta daɗe: gidan attajiran Fugger na Augsburg a Jamus ya tara irin waɗannan wasiƙu na hannu tsakanin 1568 da 1605, ɗauke da labaran ciniki da na siyasa daga biranen Turai.

Shiri kafin fitowa ta farko

Tambayar farko ita ce wa ake rubuta wa. A Legas, dillalin kayan gwari a kasuwar Mile 12 yana da abokan hulɗa iri biyu: masu gidajen abinci da otal-otal da ke son sanin kuɗin kwandon tumatir da buhun albasa na wannan makon, da kuma manoma da masu lodi a Arewa da ke son sanin ko kasuwa ta cika ko akwai ƙaranci. Takarda ɗaya ba za ta gamsar da su duka ba, domin harshensu ma ya bambanta. Na farko sun fi karanta Turanci ko Yarbanci, na biyu Hausa. Gara a zaɓi rukuni ɗaya, ko a raba jerin sunaye gida biyu.

Sai yawan fitowa. Wanda farashin kayansa ke sauyawa kullum, irin mai kayan gwari ko ɗan canji, mako-mako ya dace da shi. Mai yadi, mai kayan gini ko mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, sau ɗaya a wata ya isa. Wasiƙar wata-wata da ba ta saɓa rana ta fi ta mako-mako da ke ɓacewa bayan fitowa uku. Ana tsara jadawalin wata uku gaba, a jingina shi da lokutan kasuwa: azumi, Babbar Sallah ga masu raguna a Agege, tsadar tumatir da shigowar damina, da cinikin Disamba.

Abin da ke ciki

Nan ne mafi yawan wasiƙu ke mutuwa. Idan kowane shafi yabon kai ne da "ku zo ku saya", mai karatu zai daina buɗewa. Abin da ke riƙe shi bayani ne da zai yi amfani da shi ko da bai sayi komai ba a ranar: farashi tare da ranar da aka ɗauke shi, kayan da suka iso da waɗanda ke hanya, dalilin jinkirin mota, yadda ake gane yadi mai zuba, yadda ake ajiye albasa a ɗumin Legas ba ta ruɓe ba. Talla ta zo daga ƙarshe, kuma a nemi abu ɗaya kacal daga mai karatu, kamar ya kira lamba kaza kafin Alhamis.

Tsarin da aka fi bi shi ne babban labari ɗaya, gajerun sanarwa biyu ko uku, teburin farashi, sai adireshi da lambar waya. Farashin da ba shi da kwanan wata rigima yake jawowa, domin takarda na yawo a waya makonni bayan kasuwa ta juya. Kada a yaɗa jita-jita kan abokin hamayya, kuma kada a ce wani kaya yana warkar da cuta. Tallan magani da abinci yana ƙarƙashin ikon hukumar NAFDAC. Lallai mutum na biyu ya duba rubutun, musamman lambobi: sifili ɗaya da ya faɗi daga farashi ko lambar asusu na iya jawo asarar da ta fi kuɗin bugun.

Jerin masu karɓa

Jerin sunaye shi ne ainihin jarin wasiƙa. Ana tara shi a kan kantar shago, a jikin rasit, ko da tambayar kwastoma kai tsaye. Sayen lambobi ko kwaso su daga zaurukan WhatsApp kuskure ne, domin mutane za su toshe mai turowa, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kowa 'yancin ƙin saƙon talla. Kowace fitowa ta nuna yadda mutum zai cire sunansa.

Bugu da aikawa

Unguwar Shomolu ce cibiyar maɗaba'o'i a Legas. Takardar A3 da aka naɗe biyu tana ba da shafi 4 na A4, shi ya sa ake ƙirga shafuka huɗu-huɗu. Hoto ya kai ɗigo 300 a kowane inci, launi ya kasance a tsarin CMYK, wato tsarin tawada huɗu na injin bugu, a bar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka. A nemi samfuri ɗaya kafin a buga duka, a duba haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, domin nau'in rubutu da yawa ba su da su, sai su fito a matsayin akwati ko alamar tambaya.

Ta imel, ana amfani da manhajojin aika saƙo ga mutane da yawa irin su Mailchimp. Gmail yana datse saƙon da ya wuce kilobait 102, don haka a taƙaita. Tun Fabrairun 2024, Gmail da Yahoo suna buƙatar masu aika saƙo da yawa su tabbatar da adireshinsu ta SPF, DKIM da DMARC, wato hanyoyin nuna cewa saƙon daga mai adireshin ya fito da gaske. Rashin haka kan jefa wasiƙa cikin akwatin saƙonnin banza (spam). A WhatsApp kuwa, jerin watsa saƙo ɗaya yana ɗaukar mutum 256, kuma wanda ya adana lambar mai aikawa ne kawai zai samu. Ga 'yan kasuwar da ba su karanta boko sosai, haɗa takardar da saƙon murya na minti ɗaya yana ƙara masu amfana.

Auna sakamako

Adadin waɗanda suka buɗe imel ba abin dogaro ba ne sosai tun 2021, lokacin da Apple ya fara buɗe hotunan saƙo da kansa don ɓoye bayanan masu karatu, alhali da buɗe hoton ake ƙirga waɗanda suka buɗe saƙon. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne yawan kira, oda da amsa da suka biyo bayan kowace fitowa, da yawan waɗanda suka fice. Ana ware lambar waya ta musamman ga wasiƙar, ko a rubuta a littafin ciniki inda kowane sabon mai saye ya ji labarin kayan.