Wai me ake nufi da lo-kab ɗin nan da 'yan matanmu suka ɗauko?

Satin da ya wuce 'yar yayata ta dawo Makka daga Jidda inda take horon aikin tsaro, ido ya faɗa, leɓe a bushe, na zuba mata shinkafa buhari ta ture farantin tace "Khala ni fa lo-kab nake yi." Nace to me kika ci tun safe? Wai gahawa da kokwamba biyu. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ba da ita ba, da masu sakar wa yara kalma a TikTok babu bayani. Koyar da mata harkar cin abinci shi ne aikina, kuma yanzu masu zuwa wajena da yawa irinta ne, masu koyon aikin da a da maza kawai muka sani da shi.

Lo-kab Turanci ne aka gutsure. Lo na nufin kaɗan, kab kuma kabohaidiret ne, abin da Larabawa ke kira nashawiyyat da sukkariyyat, wato duk abincin da in ya shiga ciki yake narkewa ya koma suga a jini. Shinkafar kabsa da mandi, tamis, samuli, makaroni, dankali, dabino, zuma, lemon gwangwani, sannan namu na gida, tuwo, masa, kunu, fura. Kalmar cewa tayi a rage, bata ce a daina ba, balle ace a zauna da yunwa. Ko nan kaɗai kika riƙe kin fi rabin masu faɗarta fahimta.

To nawa ne kaɗan ɗin? Masana sun fi kafa iyakar a ƙasa da giram 130 a yini, kusan adadin sugan da ƙwaƙwalwa ke ci a rana kenan. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa wajen giram 45 ne, gwangwanin lemo ɗaya ya kusa 40, cokalin shayi na suga giram 4 ne, ki ƙirga cokali nawa kike zubawa a shayi da madara sau uku a rana. Kin ga mutum zai iya kai 130 ɗin tun kafin la'asar bai ma ji ya ci wani abin kirki ba. A farantinmu kuwa na gida, wanda ake zagayewa ana ci tare, wa yake tsayawa a kofi ɗaya?

Akwai kuma kito, wanda mutane ke haɗawa da lo-kab kamar abu ɗaya ne. Kito shi ne mai tsananin, giram 20 zuwa 50 kawai a yini, har hanta ta koma sarrafa kitse tana fitar da wani makamashi da ake kira kiton. Asalinsa ma magani ne, a 1921 wani likita a Amurka, Russell Wilder na asibitin Mayo, ya tsara shi don masu farfaɗiya musamman yara, kuma ƙarƙashin kulawar asibiti ake yi. Daga baya masu neman rage ƙiba suka ɗauka.

Abin da yake ruɗin yara shi ne sikeli. Sati ɗaya sai kiga kilo biyu sun tafi, a ɗauka kitse ne ya narke. Yawanci ruwa ne. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka, wajen giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kamar giram 3, to da kin ƙone ajiyar sai ruwan ya bi fitsari, ƙoda kuma ta ƙara zubar da gishiri saboda insulin, sinadarin da yake daidaita suga a jini, ya sauka. Daga nan ciwon kai yake zuwa, da jiri, da kasala, da ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare. Yanzu ki ɗora wannan akan zafin Makka da yake wuce digiri 45 a bazara, yarinya tana tsaye da kaki da takalmi mai nauyi awa takwas. Faɗuwa za tayi, kuma in ta faɗi a fili ba za a ce rijim, wato tsarin rage cin abinci, ne ya kada ita ba, cewa za ayi dama aikin ba na mata bane. Wannan maganar ce take min ciwo.

Don ƙofofin nan ba da daɗewa suka buɗe ba. A Yunin 2018 mata suka fara tuƙi a ƙasar nan ta Saudiyya, a 2021 aka buɗe musu shiga soja, a hajjin shekarar kuma duniya ta ga mata cikin kaki suna tsaro a Harami. A 2022 da kamfanin Renfe ya nemi mata 30 da za su koyi tuƙin jirgin ƙasan Haramain, mai gudun kilomita 300 a awa tsakanin Makka da Madina, mata 28,000 suka nema. Yaranmu 'yan ƙasa masu Hausawi a ƙarshen sunansu suna cikin masu neman irin waɗannan ayyukan, kuma ina so su shiga da ƙarfinsu.

Ni ban hana lo-kab ba fa. Ciwon suga yayi mana yawa, ko a unguwannin Shara Mansur da Rusaifa na nan Makka ki leƙa gida nawa ne babu mai shan magani, har gwamnati a 2017 ta ɗora harajin kashi 50 akan lemon kwalba, kashi 100 akan lemon ƙara kuzari. Mai koyon tuƙin jirgi ko babbar mota, wadda dawam ɗinta, wato lokacin aikinta, zama ne da sa ido, rage shinkafar rana yana taimaka mata sosai, gyangyaɗin bayan azahar yana raguwa. Amma mai gudu, mai hawan bene da kaya, mai aikin walda ko wayar lantarki a rana, tsokarta suga take nema lokacin da aiki yayi zafi. Ita nake ce mata ta fara da cire lemo da sugan shayi da biskit ɗin baƙala, wato kanti, shinkafar kuma ta rage ta ajiye ta kusa da lokacin horo, kafin ko bayan. Sauran farantin ta cika da ƙwai, kifi, kaza, laban, wato nono, marar suga, salak, miyar kuka ko kuɓewa da nama. Ful da adas, dangin wake, suna da kab amma a hankali suke narkewa, ban cire su. Ga tsirenmu da Larabawan Makka suke rububi suna ce masa sire, nama ne da ƙuli-ƙuli da yaji, ya dace da tsarin nan tsaf in ba a haɗa da burodi uku ba.

Dan Allah kar kowa ta shiga da ka. Mai allurar insulin ko ƙwayar suga sai likita ya gyara mata magani tukuna, in ba haka ba sugan zai iya faɗuwa ƙasa har ta suma. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, kito ba nasu bane. Kuma in kina horo kika ga al'adarki ta fara tsallake wata, abincin ne bai kai aikin ba, jiki yana tsimi kenan, kuma ƙashi ne yake biyan bashin daga baya. Ga shi dama muna zubar da jini duk wata, dole a kula da jan nama da hanta da ganye saboda sinadarin ayon.

'Yar tawa dai daren nan ta ci rabin farantin buharin da kaza. Da asuba na dafa mata ƙwai uku, na sa mata dabino uku da laban da gorar ruwa babba a jaka, na ce dabinon ta ci kafin gudun safe, in jiri ya sake kamata ta kira ni a take kar ta jira sai Alhamis.