Ikirari, Wato Furta Zunubi a Gaban Fada (Limamin Cocin Katolika): Amsoshin Tambayoyin da Kullum Ake Maimaitawa

A ina Littafi Mai Tsarki ya ce a faɗa wa mutum zunubi?

Yohanna 20:21-23. Buɗe ka karanta da kanka. Bayan Yesu ya tashi daga matattu, ya hura wa almajiransa numfashi, ya ba su Ruhu Mai Tsarki da ikon gafarta zunubai ko riƙe su. To yaya mutum zai gafarta ko ya riƙe abin da bai ji ba? Ka haɗa da Matiyu 16:19 da 18:18 kan ɗaurewa da kwancewa, da Yakubu 5:14-16, inda aka ce a kira dattawan ikilisiya, a kuma furta wa juna zunubai.

Wato Fada ne ke gafartawa?

A'a. Allah ne. Fada bawa ne da aka ɗora wa hidimar sulhu, irin wadda Bulus ya ambata a 2 Korintiyawa 5:18-20. Shi ma yana zuwa ikirari, har Paparoma.

Zan iya yi ta waya ko WhatsApp?

Ba ka iyawa. Sai kai da Fada kuna wuri ɗaya.

An ce a 1215 aka ƙirƙiro ikirari. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma na gaji da jin wannan magana. Abin da babban taron bishop-bishop na Lateran na huɗu ya yi a 1215, zamanin Paparoma Innocent na uku, shi ne ya wajabta wa duk wanda ya kai hankali yin ikirari aƙalla sau ɗaya a shekara. Ba a sa wa abin da babu shi doka.

Siffarsa ce ta yi ta sauyawa. A ƙarnonin farko, tuba bayan baftisma abu ne mai tsanani: na manyan laifuffuka ne kamar musun bangaskiya, kisan kai da zina, a bainar jama'a ake yin horon, wani lokaci na shekaru, kuma sau ɗaya tak a rayuwa. Tertullian, wani marubuci Kirista, ya yi rubutu a kai wajen shekara ta 200. Bayan tsanantawar da Sarkin Roma Decius ya yi wa Kiristoci a 250, rigima ta tashi kan waɗanda suka yi wa gumaka hadaya don tsira da rai. Bishop Cyprian na Kartaj ya tsaya a kan a karɓe su bayan horo, Novatian na Roma ya ƙi. Tsananin horon ya sa mutane da yawa suka riƙa jinkirta tuba har gadon mutuwa. A 459 Paparoma Leo na ɗaya ya hana karanta zunuban mutum a gaban taro. Sufayen ƙasar Ailan ne, a ƙarni na 6 da na 7, suka yaɗa ikirari na sirri da ake iya maimaitawa. Ba kowa ya yi maraba ba: taron Toledo na 589 ya yi tir da maimaitawar. Taron Trent ya tabbatar da koyarwar a 1551, ɗan ɗakin nan mai labule da ake ikirari a ciki kuwa Charles Borromeo na Milan ne ya yaɗa shi bayan taron.

Me zan faɗa in na shiga?

Yaushe rabonka da ikirari, sannan zunubi da sunansa da adadinsa gwargwadon tunawarka. Naka, ba na matarka ko maƙwabcinka ba. Ka yi addu'ar nadama, ka karɓi gafara, ka cika horon da aka ba ka. In kuɗin wani ka ci, ka mayar.

A ƙauyenmu sai bayan makonni Fada yake zuwa. Ina da babban zunubi, zan iya karɓar Jibin Ubangiji kafin in yi ikirari?

Wannan ba a amsa ta da kalma ɗaya. Da farko ka tabbata babban zunubi ne, domin sai abu uku sun haɗu: laifin mai nauyi ne, ka san haka sarai, kuma ka yi da cikakken son ranka. In ɗaya ya faɗi, mai yiwuwa bai kai ba, amma kada ka zama alƙalin da kullum yake wanke kansa.

In sun haɗu, dokar Ikilisiya, sashe na 916, ta ce kada ka karɓa sai ka yi ikirari. Togaciya ɗaya ce: akwai dalili mai nauyi, kuma babu damar ikirari. A nan za ka yi cikakkiyar nadama, wato saboda ƙaunar Allah ba tsoron wuta kawai ba, da niyyar yin ikirari da zarar hali ya samu. Sharuɗɗan biyu tare suke tafiya. Kunyar zama a benci alhali kowa ya tashi, a yawancin lokuta, ba dalili mai nauyi ba ce. Kuma ranar da Fada ya zo, ai dama ta samu: ka riga kowa zuwa, ka gaya wa katikis (mai koyar da addini a coci) kana son ganin Fadan kafin Misa. Ran da katikis ne ya kawo Jibin babu Fada, ni shawarata ka dakata, ka yi nadamar, ka ci gaba da zuwa coci. Allah ba ya jiran ranar zuwan Fada kafin ya ji mai tuba.

Gafarar gaba ɗaya, wadda Fada ke ba taro ba tare da kowa ya furta nasa ba, ba mafita ba ce. Sai in ana fuskantar mutuwa ko wata larura mai tsanani da Bishop ya tantance, kuma ko an yi, dole daga baya ka furta manyan zunubanka kai kaɗai.

Na manta wani zunubi. Ikirarina ya lalace?

Bai lalace ba, kwantar da hankalinka. Ka ambace shi a na gaba. Wanda ya ɓoye babban zunubi da gangan shi ne nasa bai yi ba, sai ya koma ya faɗi abin da ya ɓoye, ya kuma ce ya ɓoye.

In Fada ya tona mini asiri fa?

Sashe na 983 ya haramta masa ƙwarai, ko da magana ko da alama, ko a gaban kotu. Fadan da ya tona kai tsaye ya fita daga tarayyar Ikilisiya nan take, kuma Fadar Paparoma kaɗai ke iya ɗage hukuncin. In Fadan cocinku ne kake jin nauyinsa, je wurin wani. Doka ta ba ka wannan zaɓi.