Tsirkiyar ƙarfe ba ta kowace jita ba ce

An daɗe ana cewa jita jita ce, in kana son amo sai ka cire tsirkiyar nailan ka ɗaura ta ƙarfe. Wannan shawara ta kashe jita da yawa.

Jitar da aka ƙera don nailan, irin ta Sifen, fuskarta siririn katako ne, galibi kuma babu sandar ƙarfe a cikin wuyanta. Tsirkiyoyin nailan shida suna janta da nauyin kilo 40 ko ƙasa da haka. Na ƙarfe kuwa sukan kai kilo 70. Ranar farko za ka ji amo rangaɗau har ka yi murna. Sannu a hankali sai wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nesa da wuyan har ta yi wa yatsa wuyar dannawa, fuskar ta kumbura, wata rana katakon da aka ɗaure tsirkiyoyin a jikinsa ya ɓalle da gam ɗinsa.

Masu cewa nailan ba ta da ƙarko ma ban yarda da su ba. Gumin hannu ba ya sa zallar nailan tsatsa. Uku masu kauri daga cikin tsirkiyoyin shida, da aka naɗe da waya, su ne ke fara dusashewa.