Me ake nufi da "tsoron Allah" a gidan makoki?

Idan aka yi rasuwa a gidan Katolika a nan Maradi, cikin masu zuwa gaisuwa ba a rasa mai dafa uwar mamaci ta ce: "Inna, ki ji tsoron Allah, ki bar kukan nan haka." Da zuciya ɗaya ta faɗa, amma ba haka Ikilisiya ta fahimci kalmar ba.

A koyarwar Katolika, tsoron Allah yana cikin baye-baye bakwai na Ruhu Mai Tsarki, waɗanda tushensu ke Ishaya sura 11. Ba fargabar bulala ba ce. Sani ne cewa Allah mai tsarki ne, ba tsaranka ba, har a ranar da aka yi maka rashi.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne Littafin Firistoci sura 10. Nadab da Abihu, ƴaƴan Haruna babban firist, sun kawo wa Ubangiji wutar da ba a umarce su ba, wuta ta fito daga gaban Ubangiji ta cinye su. Musa ya tuna wa ɗan'uwansa cewa Allah zai nuna tsarkinsa a cikin masu kusantarsa. Haruna ya yi shiru. Aka hana shi da sauran ƴaƴansa biyu, Ele'azara da Itamar, su yaga tufafi ko su bar ƙofar alfarwar sujada, domin man keɓewa na firistoci yana kansu. Amma a lura: sauran jama'ar Isra'ila an ce su yi makoki. Hanin na firist ne a bakin aikinsa, ba na kowa da kowa ba.

Ƙarshen surar ne ya fi taɓa ni, kuma shi aka fi tsallakewa. Akwai naman hadaya da ya kamata firistoci su ci, sai Musa ya tarar an ƙone shi, ransa ya ɓaci. Haruna ya buɗe baki ya ce, da irin abin da ya same shi yau, in ya ci, Ubangiji zai karɓa? Musa ya ji, ya gamsu. Uba ne da naman ba zai wuce masa maƙogwaro ba, kuma ya ƙi taɓa abu mai tsarki da zuciya a jagule. Nassi bai zarge shi ba.

Da ƴaƴan Ayuba suka mutu, ya yaga rigarsa, ya aske kai, sannan ya faɗi ƙasa ya yi sujada. Yesu ya yi kuka a kan mutuwar abokinsa Li'azaru. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana.

Haka ake gani a addu'ar jana'iza a majami'ar Notre-Dame de Lourdes, hedikwatar dayosis ɗin Maradi (yankin da bishop ke jagoranta) da aka kafa a 2001. Gawa na gaba, dangi na share hawaye da bakin zane, ana rera "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki" na Ishaya sura 6 kamar kowace Lahadi. Fada, wato firist, ya yayyafa wa gawar ruwa mai tsarki saboda baftisma, ya turara ta, domin jikin nan haikalin Ruhu ne.

Ko ƙorafi a gaban Allah ba a haramta ba. Zabura 88 kuka ce daga farko har ƙarshe, babu ta'aziyya a cikinta, amma Ikilisiya ta sa ta cikin addu'ar dare ta kowace Jumma'a.