Jemage da daddawar miyarmu: tambayoyi da amsoshi

Wai me jemage yake tsinana mana?

Ku lura da ɗorawa idan ta yi fure da rani. Jan furen nan dunƙulalle, mai reto a dogon sili, da dare yake fitar da ruwan zaƙi. Jemage ya zo lasa, garin furen ya manne masa a gashi, ya tashi ya kai wa wata bishiyar. Da haka ɗorawa take 'ya'ya, a samu kalwa, kalwa ta zama daddawa. Ƙudan zuma ma yana taimakawa, amma aikin dare na jemage ne. Haka kuka, wadda farin furenta sai magariba yake buɗewa, haka rimi.

Ba shi ne mai cinye mana mangwaro ba?

Yana ci, babu musu. Sai dai yana haɗiye ƙananan ƙwayoyin 'ya'yan itace irin su ɓaure, ya kasayar da su nesa. Binciken da aka yi kan jemagun Accra a Ghana ya nuna suna iya kai iri har kilomita 75. Ƙananan jemagu kuwa, masu shawagi da almuru, ƙwari ne abincinsu, har da masu ɓata amfanin gona.

To cututtuka fa?

Nan kam sai an yi hattara. Wani nau'in jemagen kogo yana ɗauke da ƙwayar cutar Marburg, mai sa zazzaɓi mai tsanani da zubar jini. A 2007 cutar ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka na Uganda, sai aka karkashe jemagun wurin. Da wasu jemagun suka dawo suka zauna, an tarar kason masu ɗauke da ƙwayar ya zarce na da, kuma a 2012 cutar ta ɓarke a garin Ibanda, kusa da ramin. Kisan bai kare kowa ba.

Me ya kamata mu yi?

A bar musu bishiyar da suke yini a kai, kada a sare ta ko a turara mata hayaƙi. Abin yana damuna idan na ga yara suna harbinsu da danƙo, domin yawancin jemagu ɗa ɗaya tak suke haifa a shekara. Kada a taɓa jemage da hannu, kada a ci mangwaron da ya gatsa. Wanda kuma jemage ya ciza, ya wanke wurin sosai da sabulu, ya tafi asibiti a ranar.