Jaka 45 ta korona: ba bashi ba ce, kuma ba a sayen suna

Jama'ar Damagaram, ina roƙonku mu tsaya mu fahimci wannan maganar ta tallafin jaka 45 na lokacin korona, don abin da nake ji a bakin kasuwar Dole ya fara tayar mini da hankali. Wata mai tuyar ƙosai a unguwarmu ta ƙi yarda a rubuta gidanta, wai an ce mata duk wanda ya karɓa sai ya biya bayan cuta ta wuce, ko a ja shi a yi masa allura. Wallahi babu wannan.

Tun da aka samu mutum na farko da korona a Nijar ran 19 ga Maris 2020, aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, masu nema da hannu su suka fi jin jiki: 'yan kabu-kabu, 'yan ga-ruwa, masu talla, 'yan dako, ga iyakar Najeriya dama a lokacin a rufe take tun Agustan 2019. Shi ne a lokacin aka bi ta Wadata Talaka, tsarin gwamnati na taimakon talakawa da Bankin Duniya ya tallafa wa, ana ba gida jaka 45 sau ɗaya. Kyauta ce.

To inda ake ruɗewa shi ne kalmar "gida". Ba a ba sana'a, ba a ba mutum-mutum, tukunya ake dubawa. In ku goma ne kuke cin tuwo ɗaya, suna ɗaya ne, kuma ana duba halin gidan ne, irin ɗakin, yawan bakin da ake ciyarwa, abin da aka mallaka, ba wai mai unguwa ya ga dama ba. Kada kuma a haɗa da tallafin wata-wata da aka saba ba mata tun 2011, wancan daban yake, wannan in ya zo ya zo kenan.

Duk wanda ya ce ka ba shi dala ɗari ya sa sunanka, ɗan damfara ne, doka tana ɗaure irinsu, kai shi wajen 'yan sanda.

Ni abin da ke ci mini rai, yaron da ya baro ƙauye yana kabu-kabu da babur ɗin haya, yana kwana a shago, ba shi da tukunyar da za a ƙidaya, alhali kullum sai ya kai wa mai babur balas ko ya samu fasinja ko bai samu ba. Shi wa zai rubuta?