Wasan ban tausayi a ajin adabi: tambayoyin da ɗalibai ba sa gajiya da yi

Dole ne jarumin ya mutu a ƙarshe?

A'a. A wasan Sarki Edifus na Sofokilis, marubucin tsohuwar Girka, sarauniya Jokasta, matar Edifus wadda aka gano uwarsa ce, ita ce ta rataye kanta. Shi Edifus ya zare alluran zinariya da ke riƙe da rigarta ya soke idanunsa, wasan ya ƙare yana raye. Ku daina ƙidaya gawawwaki.

To mene ne wasan ban tausayi?

Babban mutum, wanda ba mugu ba ne kuma ba waliyyi ba, ya faɗo daga ɗaukaka ta hanyar abin da hannunsa ya aikata. Masanin Girka Aristotal ya ce dole faɗuwar ta sa mai kallo jin tausayi da tsoro. In ɓarawo ya faɗa rijiya, ba wanda zai ji tsoro. In mutumin kirki irinka ya faɗa, sai jikinka ya yi sanyi.

Zan iya kallon fim ɗin kawai?

Ka kalla bayan ka karanta. Masu fim suna yanke magana, mai tsara jarabawa kuwa daga littafi yake tsinto tambaya.

Laifin Edifus ne ko ƙaddara? Wanne zan rubuta?

Nan yawanci ake zubar da maki. Ɗalibi zai rubuta "ƙaddara ce, ba makawa," ya ajiye biro. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai layi ɗaya ne, an kuwa nemi shafi biyu.

Raba labarin gida biyu. Akwai abin da ya faru tun kafin a buɗe fage. Wurin duba na Delfi ya ce Edifus zai kashe ubansa ya auri uwarsa, ya gudu daga Korinti, garin da ya taso, don ya tsira, gudun nan ne ya kai shi mararrabar hanyoyi uku inda ya kashe Layus, sarkin Tebes, bai san mahaifinsa ne ba. A nan hujjar ƙaddara tana da ƙarfi. Amma ko a nan, wa ya sa shi ya kashe dattijo a kan rigimar wa zai ba wani hanya? Mutumin da aka yi wa irin wannan gargaɗi ai ya kamata hannunsa ya yi nauyi a kan duk sa'ar ubansa.

Sai abin da ke faruwa a gaban idonmu. Annoba ta sauka a Tebes, inda Edifus ya zama sarki, ya rantse sai ya gano wanda ya kashe Layus, har ya tsine masa. Makaho Tiresiyas mai duba ya roƙa a bar shi ya koma gida, Edifus ya tilasta masa magana. Jokasta ta gane gaskiya kafin shi, ta roƙe shi ya bar binciken, ya ƙi. Tsohon makiyayin da ya san asalinsa ya yi shiru, Edifus ya sa a murɗe masa hannu. Duban bai ce sai ya tona asirin kansa ba, shi ya zaɓa. Wasu masana suna kiran wannan girman kai. Wasu suna cewa halin sarki nagari ne da ba zai bar jama'arsa suna mutuwa ba. Ni na fi karkata ga na biyu, ko da yake zarginsa ga Kiriyon, ɗan'uwan Jokasta, da shirya juyin mulki ba tare da hujja ba yana raunana matsayina, kuma dole in ambata shi.

Saboda haka ka ɗauki ɓangare ɗaya tun a sakin layi na farko, ka kawo aukuwa uku daga littafin, sannan ka ba ɗaya ɓangaren sakin layi guda. Kada ka sake ba da labarin daga farko, mai duba takarda ya san shi. Kuma kada ka mayar da amsar wa'azi a kan ƙaddara. Ana tambayarka yadda Girkawan Atina na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa suka tsara wasa ne, imaninka yana nan ba wanda ya taɓa shi.

Kalmomin Girkancin nan, sai na haddace su?

Huɗu ne, haba. Hamartia kuskuren da ya jawo faɗuwa. Peripeteia juyewar al'amari: manzo daga Korinti ya zo don kwantar wa Edifus da hankali, maganarsa ce ta rusa shi. Anagnorisis lokacin da jarumi ya gane gaskiya. Catharsis sauƙin da zuciya ke samu bayan an sha tausayi da tsoro. Kowace ka haɗa ta da aukuwa ɗaya, ba za ka manta ba.

Turancin Shakespeare ya fi ƙarfina.

Ba kai kaɗai ba ne, kwantar da hankalinka. An rubuta shi don kunne, don haka ku raba matsayi ku uku ko huɗu ku karanta da murya. Fitowa ɗaya a zama ɗaya. Da kun gama, kowa ya rubuta layi uku: wa ya yi magana, da wa, me ya canja. Tambayoyin WAEC a kan Shakespeare haka suke zuwa, a tsakuro 'yan layuka a ce wa ya faɗa, ga wa, a ina. A Othello, ku fi daɗewa a kashi na 3 fitowa ta 3. Othello ya shiga yana amince da matarsa Desdemona, ya fita ya yanke shawarar kashe ta, a nan kuma hankicin da ya ba ta ya faɗi.

Waƙoƙin 'yan amshi fa, in tsallake?

Kada ka kuskura. A wasan Edifus dattawan Tebes ne, su ne muryar gari. Ka sa alama da fensir duk inda suka ƙi yarda da zargin da ake yi wa sarkinsu, da wurin da suka fara ja da baya.